Hannu Na Uku

Idan muka gaisa za ka ji hannuna bai cika tafinka ba. Don Allah kada ka fizge naka kamar ka taɓa garwashi, na tsani wannan, kuma kada ka ce min, "Ayya, haɗarin mota ne?" Yatsu uku ne babu a hannun dama, saura babba da manuni. Inji ne ya cinye su a masana'antar kwanuka, amma wanda ya ba injin dama yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ke kira Agogo. Mutane suna zaton yatsun ne suka shiga tsakaninmu. To, yatsu sun tafi, ba mai dawo da su. Abin da ya kusa sa in yi aika-aika shi ne kalma biyu da ya ƙi faɗa: "ni ne".

Bari in fara daga gida, don can aka ƙera shi.

Babanmu direban babbar mota ne. Sai ya yi sati biyu a hanya, ya dawo ya yi kwana uku, kuma a kwana ukun nan ko tari ba a yi da ƙarfi a gidan. Yana da agogon hannu mai igiyar ƙarfe, yana da tsohon fambel na mota a rataye bayan ƙofa. In zai aike ka, sai ya kwance agogon ya ajiye a kan tebur ya ce, "Minti goma." Duk mintin da ka ƙara, bulala ɗaya. Ba ya ihu, ba ya zagi, ƙirgawa kawai yake yi yana zuba maka.

Yaya ya girme ni da shekara huɗu, kuma tun yana ƙarami ya gano maganin fambel. Ya san ramin da ke jikin katangar gareji, ya san inda kwata ta fi ƙunci a tsallake, ya san mai shagon da ba ya jan surutu. Ni kuwa Allah ya yi ni da nawa. In na ga ana sauke kaya daga mota sai na tsaya na ga buhun ƙarshe. Yaya ne ya sa min suna Hawainiya, har Mama ta kama. Sai ya gama aikensa, ya biyo ni a guje, ya fizge abin da ke hannuna ya kai gida. Ranar da hakan bai yiwu ba, Baba ya ɗaga agogo ya ce, "Wa ya tsaya wasa?" kafin in haɗa leɓe Yaya ya riga ya ce, "Ni ne."

Akwai ranar da na saki kwalbar man inji a ƙofar gida, ta tarwatse, man ya bi ƙasa har ƙarƙashin takalmin Baba. Ina da shekara bakwai. Yaya ya ture ni baya ya ce shi ne. Na shige ƙarƙashin gado ina jin saukar fambel, ina ƙirgawa tare da Baba, har ashirin da uku. Na ƙarshen ya same shi a kunnen hagu, jini ya biyo wuyansa, sai da Mama ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta sannan aka bari. Har yau kunnen nan ba ya ji sosai. Da ya shigo ɗaki ya leƙo ƙarƙashin gadon, ya ce, "Fito, sakarai. Gobe ka riƙe da hannu biyu."

Saboda haka kada wani ya ce ban san alherinsa ba. Na sani, a bayansa yake a rubuce.

Da Baba ya rasu, in da ni ne da agogon nan masai zan jefa shi. Yaya ɗaurawa ya yi a hannunsa. Tun daga nan aka rasa gane waye ke sanye da wani. A tsaye yake cin abinci. Yana jera kayan sawarsa yadda zai sa su, takalmansa suna kallon ƙofa. Matar da ya aura wata bakwai ta yi ta tattara kayanta, ta ce ba za ta zauna da mutumin da ke duba agogo tana ba shi labari ba. Mama ta yi faɗa har ta gaji. Shi kuwa cewa ya yi, "Labarin minti biyu ne, take jan sa zuwa ashirin."

Masana'antar wata doguwar rumfar kwano ce, inji goma sha biyu a layi biyu, ƙasa ta yi baƙi da mai, ƙara kuwa sai da ishara ake magana. Aikin ba wuya a faɗa. Ka ɗauki faifan ƙarfe, ka sa a gurbinsa a bakin inji, ka danna, kan injin ya sauko da nauyin da zai lotsa mota, ya ɗaga, ka cire kwano ka jefa a kwando. Madannin guda biyu ne, ɗaya can dama, ɗaya can hagu, kuma injin ba ya saukowa sai an danne su tare. Wanda ya ƙera shi ya san halin ɗan Adam. In hannuwanka biyu suna kan madannai, to ba sa cikin baki.

A bakin ƙofa akwai baƙin allo. Kowace yamma shugaban ma'aikata, wanda muke kira Mai Usur don usur ɗin da ba ya barin leɓensa, yana rubuta sunan kowa da yawan kwanon da ya buga. Yawancin mutane ɗari shida suke yi. Yaya ɗari tara.

Kuma a gaskiya, ɗari taran nan halaliyarsa ce. Na ga yadda ya yi. Ya lura mutane suna sunkuyawa su ɗauko faifai daga ƙasa, sai ya samo akwati ya ɗaga tulin zuwa daidai gwiwar hannunsa. Ya lura faifan yana manne wa ɗan'uwansa, sai ya riƙa zuwa da wuri ya rarraba su ya shafa musu mai. Ya matso da kwando inda ba sai ya juya ba. Ya daina shan shayi da safe don kada fitsari ya tashe shi daga kan inji. Yana da ɗan littafi a aljihu inda yake rubuta daƙiƙa nawa kowane motsi ke ci. Da a nan ya tsaya, da har yau ina da abin sa zobe.

Amma mutumin da aka raina da fambel ba ya sanin inda ake tsayawa. Ya zauna da littafinsa ya gano cewa kai hannun dama kan madanni da dawo da shi yana cinye masa daƙiƙa biyu a kowane kwano. Daƙiƙa biyu, jama'a! Sai ya fere wani guntun katako, tsawon yatsa, ya cusa shi a gefen madannin dama ya danne shi dindindin. Yanzu dama tana sa faifai tana cire kwano, hagu tana dannawa. Ranar ya buga dubu ɗaya da ɗari uku. Mai Usur ya zo ya tsaya a kansa, ya ga katakon sarai, ya juya ya rubuta lambar da manyan baƙaƙe har da ja mata layi. Ma'aikata suka sa wa katakon suna hannu na uku.

A lokacin ni ma ina wurin. Shi ya samo min aikin bayan na yi aure an haifa min 'ya. Sunana kullum yana ƙasan allo, ɗari huɗu da hamsin, kuma wallahi ban damu ba. Kwanukana ba sa fitowa a karkace, ina tashi da yatsuna goma.

Sai aka kawo sabon manaja, wani siriri mai farar riga da ba ya taka inda mai yake. Ya tara mu ya ce a ƙarshen wata sunaye huɗun da ke ƙasan allo za su tafi gida. Kowa ya waiwayo ya dube ni, har da waɗanda ke sama da ni da kwano goma kacal.

Washegari da safe na iske Yaya a gaban injina. Ya riga ya ɗaga min tulin faifai, ya matso da kwando. Na ce na gode. Sai ya zaro sabon katako daga aljihu.

Na ce, "Yaya, ban da wannan."

Ya ce, "Kana da mata da 'ya."

"Ina da hannu ma."

"Wata huɗu ina aiki da shi, me ya same ni?"

"Kai ne kai. Ni ka san ni."

"Don na san ka na kawo."

Na sa hannu na karɓe katakon na wurgar. Ban ga tahowar marin ba, jin sa kawai na yi, har hulata ta faɗa cikin kwando. Ina da shekara talatin da ɗaya, a gaban mutum goma sha ɗaya, ya mare ni kamar ɗan da ya haifa. Ya je ya ɗauko katakon, ya cusa da kansa, ya matso da bakinsa kunnena ya ce, "Na sha duka saboda nawarka har na kurumce. Ba zan tsaya in ga an kore ka saboda ita ba."

Me zan ce? Kunnen nan ya rufe min baki.

Daga ranar, duk hutun rana, mutane suna cin abinci shi yana tsaye a bayana. "Sa. Danna. Cire. Sa. Danna. Cire." In na yi jinkiri, ranƙwashi a ƙeya. In na tsaya duba ko faifan ya zauna daidai, ranƙwashi. Ya ce, "Kada ka yi tunani, tunanin ne ke cinye maka lokaci. Bar hannun ya koya." Hannun kuwa ya koya. A sati na biyu na kai ɗari bakwai. Ina cin abinci a gida hannun haguna yana danna gefen tebur shi kaɗai, matata tana dariya tana cewa ko sabon kiɗa na koyo.

Mutum ɗaya ne ya yi magana, tsohon makanikin da ke gyara mana injuna. Ya zo zuba mai a nawa, ya ga katakon, ya zare shi ya ce, "Ɗana, na taɓa kwashe abin da inji irin wannan ya bari da tsintsiya. Kada ka sa in sake." Yaya ya hango daga layinsa. Kafin ka ce me ya iso, ya shaƙe tsohon, ya haɗa shi da bango har ƙeyarsa ta yi ƙara a jikin kwano. Ya murɗe masa hannu sai da katakon ya faɗi, leɓen tsohon ya fashe a kan haƙorinsa. Mutumin da ya isa ya haife mu! Mai Usur yana tsaye taku biyar, sai ya ga allo yana buƙatar gogewa. Na ji kunya ranar, na ji tsoron Yaya, kuma ban ce uffan ba. Ni ma ina son in ga sunana ya hau.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wani faifai ya zauna a karkace. Ba wani abu ba ne, a rana yakan faru sau ashirin. Idona ya gani, hannun dama ya koma ya gyara. Hannun hagu kuwa bai jira kowa ba. An ce masa bayan sa sai danna, ya danna.

Ban ji zafi ba da farko. Wani sauti na ji, kamar an taka busasshen kara. Kan injin ya ɗaga, na janyo hannuna, na ga bai zo duka ba. Jini ya yi tsartuwa ya bugi tulin faifan, ya bi su yana gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Kwanon yana nan a gurbi, ya fito da kyau, da abin da ya rage na yatsuna a shafe a cikinsa. Na zauna a ƙasa cikin mai. Sai a lokacin ihun ya fito, kuma ban san muryata ce ba.

Wanda ya fara isowa Yaya ne, wa zai riga shi? Na ɗaga ido ina kallon sa, ina jiran ya kama ni. Ya miƙa hannu ta saman kaina, ya zare katakon daga madanni, ya sa a aljihu. Sannan ya tuɓe rigarsa ya ɗaure min hannu, ya saɓa ni a kafaɗa ya fita a guje. Zare katakon nan duka-duka bai fi daƙiƙa ɗaya ba, ba wanda ya lura. Ni na gani. Muna fita ina jin usur a bayanmu, ana cewa kowa ya koma kan injinsa.

Kwana tara na yi a asibiti. A rana ta uku Mai Usur ya zo da takarda. Wai an duba inji, lafiyarsa lau, madannai biyu suna aiki. Sakacin ma'aikaci ne, kuma ma'aikacin ba zai iya komawa bakin aiki ba. Yaya yana tsaye a gefen gadon aka karanta. Na juya na dube shi. Yana duba agogo.

Kullum yana zuwa, ƙarfe biyar da rabi daidai, da abinci a kwano, ya yi minti goma ya tafi. Mama ta riƙe shi tana kuka ta ce, "Kai kana wurin, yaya aka yi?" Na zuba masa ido. Wannan fa shi ne mutumin da ya ce "ni ne" a kan kwalbar da bai fasa ba, a kan aiken da bai makara ba, sau ɗari ko fiye. Yau ga abin da ya aikata da hannunsa. Ya ce, "Mama, ƙaddara ce."

Ban tona shi ba. Ina iya faɗa wa Mama, ina iya kiran tsohon makaniki ya ba da shaida. Ban yi ba, don ba daga bakina nake son a ji ba. Na jira sati ɗaya, na jira biyu, na jira shida. Jiran ya zame min ciwo. Na zama abin tsoro a gidana. Kofi ya suɓuce min, na bi shi da ƙafa na ragargaza. Matata ta zo ɓalla min maɓallin riga, na ture ta har ta bugi ƙofa, abin da ban taɓa yi ba kuma har gobe ina jin kunyarsa.

Ranar da aka kwance bandeji na fita da 'yata sayen burodi. Shekararta uku, kuma tun da ta fara tafiya ƙaramin yatsana take riƙewa. Ta miƙo hannu yadda ta saba, ba ta ko duba ba. Ta lalubi wurin ta ji ba komai, sai dunƙulen tabo. Ta ɗaga kai ta gani, ta ƙwalla ƙara, ta gudu ta ɓuya a bayan uwarta. Ban sayi burodin ba. Na shiga bayan gida na ɗauko guntun rodi, na soke shi a hannun riga, na kama hanyar masana'anta. Ba zan yi maka ƙarya ba, niyyata in farfasa masa hannun dama, ƙashi bayan ƙashi.

Na isa lokacin hutun rana. Injuna a kashe, mutane a zazzaune kan akwatuna suna cin abinci, manaja da Mai Usur suna gaban allo. Sunan Yaya na sama, dubu ɗaya da ɗari huɗu. Shi kaɗai ne a tsaye, yana shafa wa faifai mai. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ban tausaya masa ba ko kaɗan.

Na zaro rodin da hagu na kai masa. Hannun hagu bai iya duka ba, na nufi hannu na samu kafaɗa. Ya durƙusa. Na sake, na samu haƙarƙari, na ji wani abu ya ba da sauti. Mutane suka taso, ya ɗaga hannu ya daka musu tsawa, "Kada wanda ya taɓa shi!" Ya miƙe da kyar yana riƙe da gefensa, ya ce, "Hawainiya, ba haka ake yi ba. Za ka ɓata lokaci. Zo."

Ya taka zuwa injina na dā, ya kunna. Rumfar ta ɗauki ruri. Ya sa hannu a aljihu ya fito da katakon, shi ɗin dai, da baƙin tabon jinina a gefensa. Ashe sati shida yana yawo da shi. Ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ya juya wajen manaja, ya yi magana da ƙarfin da ya fi na injin.

"Ni ne! Ni na fere shi, ni na cusa a injinsa. Ya ƙi, na mare shi. Tsohon nan ya cire, na shaƙe shi. Da abin ya faru ni na zare na ɓoye. Takardarku ƙarya ce, kuma wancan mai usur ɗin ya sani."

Ya cusa katakon a madannin dama. Ya shimfiɗa hannunsa na dama a cikin gurbin, yatsu biyar a baje, agogon Baba yana wuyan hannun. Ya dube ni ya ce, "Saura naka. Danna."

Wani ya yi salati. Mai Usur ya sa usur a baki ya kasa hurawa. Na saki rodin, na matsa, na ɗora tafin hagu a kan madannin. Sanyinsa na nan yadda na san shi.

Na ce, "Me ya sa ka zare shi kafin ka ɗauke ni?"

Ya ce, "Ban sani ba. Na ga jini, na ji kamar Baba na tahowa. Hannuna ya riga ni."

"Sati shida fa, Yaya."

"Na sani. Laifin da ban yi ba shi ne mai sauƙin faɗa. Danna, don Allah, ka huta in huta."

Abin da ya fi ba ni tsoro a rayuwata shi ne abin da ya biyo baya. An sa abu a gurbi, hannuna yana kan madanni, sai na ji tsohon karatun nan ya tashi a kaina da muryarsa. Sa. Danna. Naman hannun ya motsa da kansa, wallahi ya motsa, na ji madannin ya fara nutsewa. Na fizge hannun na cusa shi a hammata na matse.

Na zagaya ɗaya gefen. Na kama katakon da babban yatsa da manuni, abu na farko da hannun nan ya riƙe tun ranar. Yaya ya cusa shi da ƙarfi, katakon ya ƙi fita. Na ja, tabon ya tsage, jini ya biyo gwiwar hannuna, na ci gaba da ja ina ihu har ya fito. Tsohon makaniki ya kashe injin. Yaya bai cire hannunsa ba, yana nan a sunkuye yana kallona, hawaye na zuba. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar kwalba. Haushi ya turnuƙe ni, na rasa abin yi da shi, sai na cakumi wuyan rigarsa na gwara masa kai a baki. Haƙorinsa na gaba ya faɗo ya yi ƙara a cikin kwandon kwanuka. Muka zube ƙasa tare cikin mai, ina dukan ƙirjinsa da dunƙulen hannun ina cewa, "Mugu! Mugu!" shi kuma ya riƙe ƙeyata, wurin da ya saba ranƙwasa, bai sake ba har na gaji.

A take manaja ya kore shi. Kafin mu kai ƙofa na ga tsohon makaniki yana bin injuna ɗaya bayan ɗaya da filaya. Katako bakwai ya zaro.

Daga masana'anta zuwa gidan Mama tafiyar minti ashirin ce, Yaya yakan yi ta a goma sha biyu. Ranar mun fi awa guda. Haƙarƙarinsa ba ya barin sa ya ja numfashi, sai mu tsaya ya jingina da bango. A wani wuri ana sauke buhuna daga mota, muka tsaya muka kalla har na ƙarshe, bai ko duba agogo ba. Ban ce na yafe masa ba, shi ma bai roƙa ba. Yanzu gadi yake yi a wata makaranta, aikin zama, kuma har yau a tsaye yake cin abinci.

Mama tana shanya a tsakar gida muka shiga. Ta ga rigunanmu, ta ga hannuna, ta ga bakin ɗanta na fari a fashe ba haƙori. Zanin da ke hannunta ya faɗi. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta ce, "Innalillahi! Wa ya yi maka wannan?"

Na ga ya ja numfashi, na ga leɓensa ya fara haɗuwa yadda ya saba tun muna yara. Amma bakin ya kumbura, ya yi masa nauyi.

Na ce, "Ni ne, Mama."

Shi ne karo na farko a rayuwata da na riga shi.